Majalisar Bakin Bonet

A garin nan kana iya tsayawa bakin titi tun hantsi har azahar kana neman mai yi maka kwatancen gidan wani, kowa ya ce maka shi ma baƙo ne. Amma ɗaga bonet ɗin tsohuwar mota, ka tokare shi da sanda, ka riƙe ƙugu. Kafin ka gama salati mutane sun kewaye ka, kuma duk cikinsu babu jahili ko ɗaya. Mai shayi ya bar tukunya a wuta, tela ya bar keke, wanda ke sauri zuwa ɗaurin aure ya tuna cewa ai ba shi ne waliyyi ba. Ba a raba goron gayyata, ba a rubuta sunan mahalarta, amma majalisar bakin bonet ba ta taɓa ɗage zama don ƙarancin mutane ba.

Abin dariyar shi ne maganar da ake taruwa a kanta ba ta da yawa. Injin fetur, na Fijo ne ko na Toyota, abu huɗu yake nema kafin ya tashi: a juya shi, a ba shi mai gauraye da iska, fistin ya matse su, sannan fulogi ya ba da tartsatsi a daidai lokacinsa. Duk motar da ta ƙi tashi ɗaya daga cikin huɗun nan ta rasa, kuma sau da yawa da bakinta take faɗin wanne ne, ga mai kunne. Sai dai 'yan majalisa kowa da amsarsa ya baro gida. Motar dalili ce kawai aka samu.

Shugaban zaman shi ne mai motar kansa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to wannan ya sani, faɗa ne ba zai yi ba. Daga Kano har Damagaram maganarsa ta farko ɗaya ce: "Wallahi jiya lafiya lau na ajiye ta." Ba zai gaya maka cewa tun kafin azumi sai a gangare yake ajiye ta ba, ko cewa allurar mai ta mutu tun lita ba ta kai naira ɗari ba, da lissafin ka yake yawo. Ka ce masa, "Alhaji, akwai mai kuwa?" Sai ya haɗe rai: "Haba Malam! Shekaranjiya na sha na dubu biyar." Tsakanin shekaranjiyar da yau ya kai yara makaranta, ya je gaisuwar mutuwa Dawanau, ya kai amarya gidan kitso ya jira ta da inji a kunne.

Makaminsa guda ne, murɗa makulli. Ya murɗa, ya sake murɗawa, yana dannar totur, yana tura ƙirji gaba wai ko ya taimaka mata. Kik kuwa wuta yake zuƙa fiye da amfiya 100 duk lokacin da yake juyi, shi ya sa masu sana'ar suka ce kada a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ba a bar shi ya huce ba. Alhaji bai san wannan zance ba. Motar da ta wayi gari da ciwo ɗaya, kafin ya gama da ita ya ƙara mata uku: batir ya sauka, kik ya ɗau zafi, fulogi sun jiƙe sharkaf da mai.

Wanda ke fara jefa baki daga waje ba ya ma tsallako titi. Yana daga can yana shan rake zai ɗaga murya: "Batir ne!" Bai ga motar da kyau ba, bai ji kukanta ba. Ka ce masa tayarka ta sace, zai ce a dai duba batir. Abin haushi kuma, sau da yawa gaskiyarsa ce. Zafin Afrilu a Kano, da ke haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir, gargadar hanya tana kakkaɓe cikinsa, ga masu haɗa fankar lagireto kai tsaye don kada inji ya yi zafi, wani lokaci a bar ta tana juyi bayan an kashe mota. Don haka mutumin nan ya rayu shekara da shekaru yana cin nasara ba tare da ya koyi komai ba.

Da zai tsallako ya saurara, da ya ji cewa rashin tashi kala-kala ne. Akwai motar da ka murɗa ta yi shiru, ko fitilun gaban sitiyari ba su kawo ba: wannan wuta ba ta fita daga batir ke nan, ko babban fiyus ya ƙone. Akwai mai yin ƙat-ƙat-ƙat da sauri: wutar ta isa ta motsa kik, ba ta isa ta juya inji ba. Akwai mai ƙat guda ta yi tsit, yawanci kik ɗin ne da kansa. Akwai kuma wadda ke juyawa da ƙarfinta, gir-gir-gir, ta ƙi kamawa. Wannan ta ƙarshen batirinta ya yi aikinsa ya gama, laifin yana wajen mai ko tartsatsi, amma za ka ji mai rake daga tsallake yana nan a kan bakansa. Gwajin ma kyauta ne: kunna fitilun gaba, ka murɗa makulli. In suka dushe, nemi batir ko kawunansa. In suka tsaya da haskensu inji bai motsa ba, bar batir ya huta. Mutum nawa suka sayi sabon batir alhali farin garin da ya taru a kan tamanal ne ya tare wuta, abin da ruwan zafi da ɗan gogawa za su kawar? Wasu kuma altaneta ce ta daina caji, sabon batirin ya kwana biyu shi ma ya bi sahun tsohon. Mita za ta raba gardama cikin minti ɗaya: lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, in inji na aiki ya hau kusan 14. Amma mai rake ba ya yarda da mita.

Daga nan sai wani ya ce a tura. A nan ake sanin halin mutane, don 'yan turi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Allah, galibi ɗan dako ko almajiri, wanda zai sa kafaɗa ya tura da gaske har silifas ɗinsa ya tsinke. Akwai mai yatsa biyu, ya ɗora su a kan but, ɗaya hannun yana tattare farar shaddarsa, kuma ya fi kowa nishi. Akwai mai zuwa a makare, sai mota ta ɗau gudu zai rugo ya dafa ta taku uku, don a gan shi a cikin masu lada. Sai uban tafiyar, kwamanda, wanda ba ya taɓa motar sam. Yana tafe a gefen taga yana ba da oda: "Sa ta a tu! Taka kuloci! Kar ka saki! Saki! Kai, wa ya ce ka saki?" In an gama shi ya fi kowa gajiya, shi ne kuma yake fara matsowa idan mai mota ya laluba aljihu.

A yi wa kwamanda adalci, zancen giya ta biyu daidai ne. A giya ta ɗaya mota kan turje ta tsaya cak, 'yan turi su gwara haɓa da but. A ta biyu inji ya fi karɓar juyi cikin sauƙi. Abin da bai sani ba shi ne turi aikin kik kaɗai yake mayewa. In babu mai ko babu tartsatsi, ku tura ta daga Hotoro har Wudil, ba za ta ce uffan ba. Motar da ba ta da kuloci kuwa, mai canza giya da kanta, irin wadda ta cika gari yanzu, turi ba ya tada ta ko an tara unguwa guda, amma za ka ga kwamanda yana neman a sa ta a tu. Ga kuma abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato: a kai ƙarshen layi, kowa ya yi sharkaf da gumi, sannan mai mota ya lura bai buɗe makulli ba. A hankali zai murɗa shi, ba tare da ya kalli kowa ba, ya ce, "Ku ƙara ɗan taɓawa, ta kusa." In Allah ya sa ta kama, ba zai iya tsayawa ba don kada ta sake mutuwa. Hannu zai fito da shi ta taga, "Allah ya saka da alheri!", ya bar jama'a cikin hayaƙi. Na Allah ya ce amin ya ɗauki silifas ɗinsa. Kwamanda ya ce dama tun da ya ga fuskar mutumin ya san ba shi da kirki.

In turi ya gagara, sai a buɗa wa Baba hanya. Kowace unguwa tana da nata Baban, tsohon direba, wanda ya yi zamani a ma'aikatar gwamnati ko a hanyar Kano zuwa Ikko lokacin da Fijo 504 ke fitowa dal daga masana'antar Kakuri a Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975. Baba ba ya sauri. Sai ya gama ninke hannun rigarsa, ya ba wani yaro ajiyar carbi, sannan ya leƙa. A wurinsa ƙera mota ya ƙare daga 504, duk abin da ya biyo baya kwaikwayo ne. Ka ce masa Faransa da ta ƙirƙiro ta a 1968 ta daina yin ta tun 1983, sai ya ce ai Kaduna ta ci gaba har bayan shekara ta 2000, wannan kuwa shaida ce cewa Kaduna ta fi Faransa sanin mota.

Ina yi wa Baba dariya, amma in motar ta zamaninsa ce, a duk majalisar shi kaɗai ke bin abu daki-daki. Zai zare babbar wayar kwayil, ya riƙe bakinta dab da ƙarfen inji, ya ce, "Ɗana, murɗa." Kwayil ce ke ɗaga bolt 12 na batir zuwa fiye da 10,000, don haka in shuɗin tartsatsi ya yi tsalle da ƙara, wuta lafiya, in ja ne mai sanyin jiki, ko babu, an san inda za a nufa. Sai ya buɗe kan distirbita ya duba kwantak, ya goge bakinsa da gefen kwalin ashana, ya auna tazararsa da ido, tazarar da littafi ya ce wajen milimita 0.4 ce, kuma in ka kawo ma'auni za ka tarar bai kauce ba. In damina ce zai nuna maka raɓar da ta kwanta cikin murfin, ya share da hankici. In hunturu ne zai zare filtar iska ya buga ta a ƙasa, ƙura ta tashi har mutane su ja baya. Yana mayar da wayoyin fulogi yana karanta jerinsu a fili, ɗaya, uku, huɗu, biyu, don kada wani ya ce daga baya shi ya rikita. In wuta ta tabbata sai ya koma kan mai: ya ɗiga ɗan fetur a maƙogwaron kabireta ya ce a murɗa. Ta kama ta sake mutuwa? To mai ne ba ya isowa, a bi famfo da filta da tiyo. In kuma warin fetur ya cika wurin, zai ce ta shaƙe, a danne totur har ƙasa a riƙe a murɗa, a daina famfa shi.

Wannan gwajin na ɗiga fetur yana aiki, amma dubi girar Baba ta hagu. Ba haka aka haife shi ba. Kabireta takan yi tari ta watso wuta, ita ce ta aske masa tun yana saurayi. Tiyon da yake sawa a baki ya zuƙo mai daga tanki kuwa, duk wanda ya ga yadda yake tofarwa yana ƙwalla ya san ba abin koyi ba ne, fetur in ya faɗa huhu ba wasa yake yi ba.

Ranar wuyar Baba ita ce ranar da aka kira shi kan Honda ko Toyota ta bayan 2000. Zai leƙa dama, ya leƙa hagu, ya ɗaga wata roba ya mayar. Kabireta yake nema, babu. Distirbita ma wata babu. Ba zai ce bai gane ba. Sai ya karɓi carbinsa, ya warware hannun riga, ya yanke hukunci: "Wannan ba mota ba ce, rediyo ce."

A daidai nan ɗan boko ke samun shiga. Tun ɗazu yana tsaye a baya yana latsa waya. "Ku dakata mu ga abin da intanet ta ce." Sai ya samo bidiyon wani Bature a Amurka, tsaye cikin dusar ƙanƙara, yana bayanin yadda sanyi ke hana mota tashi, mu kuwa muna tsaye a rana kwalta na narkewa. Wani ɗan bokon har da 'yar na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta a waya. Ramin da ake soka ta sai a 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka, a Turai kuma 2001 ga masu shan fetur, amma za ka same shi durƙushe ƙarƙashin sitiyarin motar 1984 yana haska tocila, yana cewa tabbas wani ya cire. A kan sabuwar mota dai yana da amfaninsa. Shi ne zai ce kowa ya yi shiru a ji ko famfon cikin tanki ya yi ɗan gurnaninsa na daƙiƙa biyu da aka buɗe makulli. Shi zai lura fitilar hoton makulli tana ƙiftawa, alamar motar ba ta gane makullin da aka yanko a kasuwa ba. Shi zai ga an bar giya a D, alhali irin wannan mota sai a P ko N take yarda ta tashi. Aibinsa ɗaya: duk abin da na'ura ta ambaci sunansa sai a sayo sabo, ko da wayarsa ce kawai ta zame. Shi da Baba ba sa ga-maciji, kuma da za a haɗa su a jiki ɗaya da an sami bakanike na gaske.

Mai bugu ba ya dogon zance. "Ba ni sifana." Ya zura hannu ya ƙwanƙwasa kik, ya ce a murɗa, mota ta tashi, jama'a su yi kabbara. Ba sihiri ba ne, gawayin da ke cikin kik ne ya cinye, bugun ya sa ya sake taɓa inda ya kamata, kuma gobe ma sai an buga. Illar ita ce tun ranar da abin ya fara ci masa ya ɗauka ya gano sirrin injiniyoyi. Famfon mai bugu, altaneta bugu, batir ma bugu. Kik na motocin baya-bayan nan kuwa maganaɗisu ne a cikinsa mai saurin tsagewa, bugu ɗaya mai kyau ya isa ya mayar da gyara saye.

Akwai kuma wanda zai ja mai mota gefe ya rage murya: "Alhaji, da ka saye ta ka yi sadaka kuwa? Don wannan ba ciwon ƙarfe ba ne. Akwai baki." Sadaka alheri ce, addu'a kuwa ba mai raina ta. Amma motar da ta haura shekara 30, ƙofarta ɗaure da roba, gilashinta ɗaya kwali ne, wane mahassadi ne zai ɓata dare a kanta? In ma akwai baki a lamarin, na ɓera ne, wanda ya kwana cikin ɗumin inji ya ci wayoyi ya ƙoshi.

Ɗan siyasar majalisa shi bai ma kalli inji ba. A wurinsa motar ta mutu ne tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi. Zai tuna maka gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, wanda ya kwantar da motoci ya haifar da dogayen layuka, daga nan ya wuce kan tsadar dala da kuɗin makaranta. Na daɗe ina ganin surutu ne kawai, amma ta bayan gida yana da gaskiya. Tun da mai ya yi tsada mutane suka koma yawo da ɗan abin da ya rufe gindin tanki. Famfon da ke cikin tanki kuwa fetur ɗin ne ke sanyaya shi, in kullum a ƙafe yake sai ya yi zafi, ya yi ta zuƙo dattin ƙasa har ya gaji. Ga na 'yan bumburutu, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka sirka a galan. Sai dai duk iya bakinsa, ba a taɓa ganin ɗan siyasa cikin masu turi ba.

Duk wannan abin da ake yi, akwai mai kewaya motar a hankali yana ƙwanƙwasa bodi, yana leƙa taya. Dillali ne. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Zai jira sai gumi ya gama wanke mai mota, sannan ya matso da fuskar ta'aziyya: "Yallaɓai, ni dai in gaya maka gaskiya, injin nan ya buga. Amma ina da wani yaro da zai iya rage maka asara." Injin da ya buga ba a gane shi da kallon fenti. Sifana ake sawa a babban fulin ƙasa a gwada juyawa, in ya ƙi motsi to magana ta tabbata. In bel ɗin taimin ne ya tsinke, kunne ma ya isa: inji zai riƙa juyawa da sauri fiye da kullum, sakayau, babu nauyin matsi. Dillali ya san duk wannan sarai, shi ya sa ba zai bari a gwada ba. Can bayansa kuma ɗan gwangwan ne ya jingine kurarsa, shi bai ce komai ba, yana auna motar da ido kilo-kilo.

A cikin mota, kujerar gaba, akwai wadda tun farkon zaman ta faɗi magana ɗaya ba a saurare ta ba. "Baban Ummi, ka dai duba mai." Ya ce, "Hajiya, don Allah ki bari, maza na magana." Ta bari. Ta gyara mayafi ta ci gaba da fifita da kwalin magani. Bayan an cire batir an mayar, an wanke fulogi, an tura an dawo, sai ka ga an kira wani yaro gefe an sa masa galan a hannu, an ce ya bi ta bayan layi. In motar ta tashi, majalisa za ta amince baki ɗaya cewa wankin fulogin ne ya yi aiki. Hajiya ba za ta ce komai ba a gaban mutane. Akwai gida.

In duk an gaza sai a kira bakanike, ya iso a bayan babur da sifana uku a aljihun baya da yaro riƙe da buhun kaya. Tambayarsa ta farko ba game da motar ba ce: "Wa ya taɓa muku wannan aikin?" Ko wa aka ambata zai girgiza kai, wani lokaci a tuna masa cewa shi ne, watan jiya. Masu sana'ar nan akwai na ƙwarai, kuma ba su da wuyar ganewa: na ƙwarai tambaya yake fara yi. Yaya ta yi kafin ta mutu? Tana tafe ta yanke, ko kwana ta yi ta ƙi tashi? An wanke inji? An sha mai a ina? Ɗayan kuwa aike yake fara yi. A je Ƙofar Ruwa a sayo fulogi, in Kaduna ne a nufi Panteka. An sa, ba ta tashi ba. To kwayil ce, sabuwa ko ta Beljiyam? An sa, shiru. To famfo. Aikinsa kamar na bokan da zai ce a yanka kaza, in ba a warke ba a kawo akuya, in an mutu ya ce dama sa aljanin ya nema. In aljihun mai mota ya ƙare kafin dabararsa ta ƙare, sai ya goge hannu ya ce, "Wannan ba aikinmu ba ne, matsalar wuta ce, a kira mai wayarin." Mai wayarin ya zo da ɗan ƙwan fitilarsa mai waya biyu, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce wuta lafiya lau, a koma wa bakanike. Tsakaninsu mota kan yi sati a bakin titi, har yara su fara wasan ɓuya a cikinta. In an gama an rufe bonet kuma sai ka ga noti biyu sun yi saura a ƙasa. Ka tambaya, a ce maka Bature ne ya sa su don ado.

Saura mutum ɗaya, kuma ba a lissafa shi cikin majalisa. Yaron bakanike ne, mai riƙon buhu, wanda rigarsa ta manta launinta. Ba a tambayarsa, in ya yi magana a ce ya yi wa mutane shiru. Amma da yake shi ake aikawa ƙarƙashin mota, shi ake sawa ya riƙe waya, shi ake bari da wankin kaya, hannunsa ya taɓa abin da manya ke nunawa da baki. Yayin da ake gardama kan gwamnati da mahassada, zai girgiza kan batir ya ji yana lilo. Zai ga wayar da ke haɗa inji da bodi ta ci tsatsa ta kusa rabuwa. Zai zaro fiyus ya ɗaga shi a rana ya ga ya yanke. Sai ya ɗaure, ko ya goge, ko ya sauya, ya raɗa wa maigidansa, "Oga, a gwada yanzu." Oga ya ɗora hannu a kan wani abu dabam, ya ɗan murɗa shi don jama'a su gani, ya ce, "Alhaji, ba ta wuta." Mota ta tashi. Mai rake ya ce ai ya faɗa tun farko. Baba ya ce sa'a ce. Dillali ya tafi ba sallama.

Roƙona ga masu tsofaffin motoci kaɗan ne. Ku ajiye sifana mai lamba 10 da 'yan fiyus a cikin mota, ku gyara allurar mai, in Hajiya ta yi magana ku leƙa tanki kafin ku amsa. In kuma an zo biyan kuɗin aiki, ku ba Oga nasa, sannan ku kira yaron bayan mota ku damƙa masa nasa a hannu, inda Oga ba ya gani.